Katun ɗin Japan da samari ke nema a shagona: su wa ke yin su, kuma duk na yara ne?

Sani Mai Caji, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon cajin waya a bakin tasha, da sola a kan rufin kwano, ina kuma tura wa mutane finafinai da karatu da waƙoƙi a memori. A da abin da ake nema sananne ne: fassarar Indiya, finafinan Hausa masu dogon zango, wa'azi, sai kokawar Turawa. Tun bara abin ya sauya. 'Yan sakandare da masu koyon ɗinki da 'yan acaɓa sai su zo su ce in tura musu Naruto, ko Dragon Ball, ko wani wai shi Demon Slayer. Ranar Alhamis in an taso daga kasuwar Maigatari har bencina cika yake yi saboda su. Ni kuma daga wajen wani abokin sana'a a Kano nake kwafo su a kwamfuta.

Shekaranjiya bayan la'asar wani dattijo, abokin mahaifina, ya tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Sani, jikana ya daina tafiya irin ta mutane. Sai ya sunkuya ya watsa hannuwa baya ya zura da gudu. In an yi masa magana ya harɗe yatsu yana wasu surutai. An ce a wurinka ake samo abin. Me kake sayar wa yaranmu?" Na ba shi haƙuri, amma ban iya ba shi amsar da za ta kwantar masa da hankali ba. Wasu na ce mini na Chaina ne, wasu na cewa na Japan.

Don Allah wanda ya sani ya warware mini: su wa ke yin su, yaushe aka fara, kuma me ke cikinsu da yake kama zuciyar yara haka? Abin da ya fi damuna, shin duk katun na yara ne, ko akwai wanda bai kamata in tura wa ɗan shekara goma ba? Ba na son in ci abincin da zai zame mini nauyi gobe ƙiyama.

Malam Habu, malamin firamare, Ringim

Wa alaikumus salam. Sani, Allah ya yi wa sana'arka albarka, tambayar mai tsoron Allah ka yi. Duk ukun da ka lissafa na Japan ne. Na takarda ana kiran su manga, masu motsi na talabijin kuma anime, kuma yawancin waɗanda ke kwamfutarka a takarda aka fara buga su kafin a motsa su.

Japanawa sun daɗe suna ba da labari da zane. A wani wurin ibada da ke Kyoto akwai dogayen takardu naɗaɗɗu na wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, an zana kwaɗi da zomaye suna kokawa. Amma wanda ke hannunka yau daga cikin talauci ya taso, kuma wannan ɓangaren nake so ka riƙe.

A 1945 Japan ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Biyu. An ƙone Tokyo da Osaka da Kobe, an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, abinci ya yi wuya, marayu suka cika tashoshin jirgin ƙasa. A lokacin akwai wata sana'a da ake kira kamishibai. Mutum ne da kekensa, ya ɗaure akwatin katako a kariya. Ya shiga unguwa ya ƙwanƙwasa 'yan katakai biyu, yara su fito. Sai ya sayar musu da alewa tukuna. Wanda ya saya shi ke tsayawa gaba, wanda ba shi da ko sisi ya leƙo daga baya. Sannan ya riƙa zare kwalaye masu zane ɗaya bayan ɗaya daga gaban akwatin, yana sauya murya, yanzu ta jarumi, an jima ta mugu. Da labari ya kai inda kowa ya riƙe numfashi, sai ya rufe akwati ya ce sai gobe. Wannan dabara ta yanke labari a daidai gaɓar da ba a iya haƙuri, ita ce har yau ke dawo maka da yaran nan suna neman ci gaba.

Da talabijin ta shigo a 1953 sana'ar keken ta fara mutuwa, masu zana kwalayen da dama suka koma zana littattafan haya. Mutane ba su da kuɗin sayen littafi, sai aka buɗe ƙananan shaguna lungu-lungu inda yaro ko lebura zai ba da ɗan canji ya karɓi littafi, ya karanta ya dawo da shi, kamar yadda matanmu suka riƙa karɓar hayar littattafan soyayya a shekarun 1990. Shigeru Mizuki na cikin waɗanda suka biyo ta nan. Ya dawo daga yaƙi ba hannun hagu, da hannu ɗaya ya yi suna.

Wanda suka ɗauka uban harkar shi ne Osamu Tezuka, an haife shi a 1928, ya rasu a 1989. Likitanci ya karanta har ya samu lasisi, amma zane ya rinjaye shi. Ya taso yana kallon finafinan Disney na Amurka, kuma can ake danganta manyan idanun nan da kake gani. Sabon abin da ya kawo shi ne ya sa shafin takarda ya yi aikin kyamara: an raba shafin gida-gida, mota na tahowa daga nesa a gidan farko, ta matso a na biyu, a na uku fuskar direba ta cika wurin. A 1952 ya fara Astro Boy, labarin wani yaro mutum-mutumi mai zuciyar ɗan Adam, kuma ranar 1 ga Janairun 1963 aka fara nuna shi a talabijin, rabin sa'a kowane mako.

Nan wahalar take. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, su Disney kuma kan zana 12 zuwa 24. Tezuka ba shi da kuɗi ko ma'aikatan da za su iya haka duk mako, sai ya rage zuwa wajen 8, wani wurin ma bai kai ba. Fuska ta tsaya cak, baki kaɗai ke motsi. A zana hoto ɗaya mai kyau a ja kyamara a kansa a hankali. A ajiye zanen tashin jarumi sama a yi ta maimaita shi mako-mako. Ka buɗe Naruto ɗaya ka lura, za ka ga mutum tsaye yana tunani, gashinsa kaɗai iska ke kaɗawa, murya na ta zuba. Rashin kuɗi ya haifi wannan salo. Da motsin ya yi ƙaranci sai suka zuba ƙarfinsu a labari da kiɗa da murya.

Mu ma nan ba yau muka fara ganinsu ba. 'Yan zamanina sun san Voltron da NTA ta riƙa nunawa, zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙato ɗaya. A gidan malamin gona muke taruwa, talabijin baƙi da fari da batirin mota. Kamfanin Toei na Japan ya yi shi a 1981, Amurkawa suka saya, suka yanke wuraren jini, suka sa masa sabon suna a 1984.

Dragon Ball da Naruto da Demon Slayer kuwa gidansu ɗaya, wata mujallar mako-mako mai suna Shonen Jump da aka fara a 1968. Kauri gare ta, takardarta mai arha, labarai kusan ashirin a ciki, kowanne da 'yan shafukansa. A tsakiyar shekarun 1990 ta kai ana buga kwafi sama da miliyan 6 a mako. Akwai ɗan kati a cikinta da masu karatu ke cikewa su aika, su faɗi labaran da suka fi so. Wanda ya yi ta zuwa ƙarshe sai a datse shi ko da mai zanen bai gama ba. Ka ga ke nan duk wanda ya iso shagonka ya riga ya tsallake siraɗin miliyoyin yaran Japan. Akira Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984, ya ɗauko tushensa daga wani tsohon labarin Chaina na biri mai sanda, wataƙila shi ya sa ake ce maka na can ne. Masashi Kishimoto ya yi Naruto daga 1999 zuwa 2014, babi 700.

Shi Naruto maraya ne, kowa a garinsu gudunsa yake yi, a makaranta shi ne na ƙarshe, amma ya ci alwashin sai ya shugabanci garin. Ni da nake tsayawa gaban aji kullum na san yawan yaran da ke ganin kansu a jikinsa. Gudun jikan dattijon nan gudun Naruto ne, harɗe yatsun ma kwaikwayo ne, ka je ka shaida masa haka.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, a'a, ba duka ne na yara ba, su kansu Japanawa ba su ce haka ba. Tun a wajen bugawa sun raba: na ƙananan yara, na samari, na 'yan mata, na manyan maza, na manyan mata. Doraemon, kyanwar nan shuɗiya mai aljihu a ciki, ɗan shekara shida zai iya kallo. Amma ko a cikin na samari akwai masu nauyi. Demon Slayer yaro ne mai sayar da gawayi, ya dawo gida ya tarar an karkashe iyalinsa, kuma sare kai ake yi a fili. Attack on Titan ƙatti ne ke cin mutane da ransu. Akwai kuma na batsa zalla, da irin wannan zanen dai, wanda suna kaɗai ba zai nuna maka ba. Kada ka tura abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba.

Maman Khalifa, Kazaure

Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ni ta wata ƙofar na shiga. A gidan kawuna na taso a Kano, akwai dish, mu kuma tashar Spacetoon ta Larabawa, wadda aka buɗe a shekarar 2000, ita ce tamu. A can na san Kaftin Majid da Adnan da Lina da Conan mai binciken laifi. Da tsantsar Larabcin littafi ake fassara su, da yawansu a wata cibiya da ke Dimashƙa ta Siriya, kuma Larabcin da nake koyarwa a Islamiyya yau a can kunnena ya fara sabawa da shi. Don haka ba zan ce ba su da amfani ba.

Ƙarfinsu ma ba ƙarami ba ne. Kaftin Majid asalin sunansa Captain Tsubasa, Yoichi Takahashi ya fara shi a 1981, lokacin da Japan ba ta da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. Yara suka yi ta shiga ƙwallo saboda shi. A 1993 aka fara gasar, a 1998 suka je gasar cin kofin duniya karon farko. Har 'yan wasan Sifaniya irin su Torres da Iniesta sun faɗa cewa da shi suka taso. Lokacin da Japan ta kai tankokin ruwa garin Samawa na Iraƙi bayan yaƙin 2003, hoton Kaftin Majid aka manna a jikinsu. To abin da ya iya sa yaran ƙasa guda suka kama buga ƙwallo, zai iya dasa wani abin ma a zuciyar yaro.

Ga inda nake so ka duba, Sani. Wanda muka kalla an tankaɗe shi kafin ya iso mana. Masu fassarar suna yanke wuraren tsiraici, su mayar da giya lemo, su sauya maganganun da suka taɓa aƙida. Na memori ba wanda ya tankaɗe shi. Mutanen nan addininsu Shinto da na Buda, a wurinsu kogi da dutse da tsohuwar bishiya kowanne yana da abin bautarsa, kuma haka suke zanawa, ba don su ɓata kowa ba, abin da suka sani ke nan. A Dragon Ball in ka tara ƙwallaye bakwai wani dodo ke fitowa ya biya maka buƙata, har matacce yana dawo da shi. Bayan rasuwar mahaifiyar maigidana, ana zaman makoki, ɗana ɗan shekara bakwai ya jawo mayafina ya ce, "Mama, in aka tara ƙwallayen nan Hajiya za ta dawo?" Jikina ya yi sanyi. Na ja shi ɗaki na zaunar da shi, na faɗa masa Allah kaɗai ke rayawa ya kashe, wancan kuma mutum ne ya zana da alƙalami. Ya gane. Amma da ban ji ba fa?

Ban hana su kallo ba, tare muke zama, kuma ba a kwana da waya a ɗakinsu. Roƙona gare ka biyu ne. In ƙaramin yaro ya kawo waya ka tambaye shi ta wace ce, ko mai ita ya san an aiko shi. Sannan lokacin makaranta, ta boko ko ta allo, kada ka bar su a kan bencin nan. In kuma kana neman wanda za ka tura wa ƙanana hankali kwance, nemi Heidi na 1974, yarinya ce da kakanta da awaki a kan dutse.

Abba Mai Zane, Birnin Kudu

Gaisuwa ga Malam da Mama. Ni ina cikin samarin da ake magana a kansu. Allon shaguna nake rubutawa da adon bayan mota, kuma hannuna a bayan littafin lissafi ya faɗa, wajen kwaikwayon fuskar Goku, jarumin Dragon Ball.

Abin da ke yi mini ciwo, in an ce katun ɗin Japan faɗa kawai mutane ke gani. Yaya Sani, ka nemi Silver Spoon. Mace ce ta zana shi, Hiromu Arakawa, wadda ta taso a gidan kiwon shanun madara a Hokkaido, ta fara shi a 2011. Ɗan birni ne ya shiga makarantar aikin gona, ga tashin asuba, ga kwashe kashin dabbobi, ga karɓar haihuwar saniya. Akwai abokinsa da bashi ya cinye gonar gidansu, dole ya bar makaranta ya tafi neman kuɗi. Da na kai wurin sai da na ajiye wayar, don na san masu irin wannan labarin a layinmu. Akwai kuma Barefoot Gen na Keiji Nakazawa, wanda yana ɗan shekara shida bam ɗin Hiroshima ya kashe mahaifinsa da yayarsa da ƙaninsa, ya girma ya zana abin da ya gani, aka fara bugawa a 1973 a wannan Shonen Jump ɗin dai. Spirited Away na Hayao Miyazaki kuma har kyautar Oscar ya ci a 2003.

Ni abin da na lura, nasu suke zanawa. Shinkafarsu, tsinkayen cin abincinsu, cire takalmi a bakin ƙofa, har turakun lantarkin unguwarsu. Ban taɓa cin taliyarsu ta ramen ba, amma na san kamanninsa a kwano saboda Naruto. To wane yaro ne a Japan ya san kamannin fura a ƙwarya? A nan garinmu akwai zanen shanu a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude tun zamanin da ba wanda ya san masu yin sa, ashe ba yau aka fara zane a ƙasar nan ba. Adamu Waziri ya yi Bino and Fino a Abuja, an yi Iwájú a kan Legas tare da Disney a 2024. Namu na Hausa fa? Ga Gizo da Ƙoƙi, ga sharo, ga 'yan tauri, ga farauta.

Ina da labari a kaina na wani ɗan mahauta da ke son ya zama gwanin dambe, mahaifinsa kuma ya hana shi saboda abin da dambe ya yi wa wansa. Na sauke manhajar zane ta ibisPaint a wayata. Malam, ta ina ake farawa?

Malam Habu

Abba, Allah ya yi maka albarka, labarin nan naka yana da ƙashi. Amma ka shiga da idonka buɗe. Mai zanen mako-mako a Japan yana fitar da shafi wajen 19 duk mako, shi da 'yan mataimakansa, barci kaɗan, shekara da shekaru. Yoshihiro Togashi mai Hunter x Hunter ciwon baya ya sha tsayar da shi. Ƙananan masu zanen anime kuma, waɗanda ke cike hotunan tsakani don motsi ya yi santsi, da ƙidayar takarda ake biyan su, kuɗin da da ƙyar yake biyan hayar ɗaki a Tokyo. Sani, wannan ya shafe ka, kuma gara ka ji daga bakina: abin da ake kwafowa ana turawa, ko kwabo ba ya isa hannun waɗannan mutane, kukan da 'yan fim ɗinmu na Kano ma suke yi ke nan. Masu wayar da ke hawa intanet ka nuna musu Manga Plus, na kamfanin Shueisha mai buga Shonen Jump ne, tun 2019 suna sakin sababbin babi kyauta da Turanci.

Kai kuma Abba, kada ka fara da babi 700. Machiko Hasegawa a 1946 da gida huɗu kacal ta fara Sazae-san a wata ƙaramar jarida a Fukuoka, labarin wata mata da mutanen gidansu, cefane da baƙi da rigimar yara. Tun 1969 ake nuna shi a talabijin ranar Lahadi da yamma, har yanzu ba a daina ba.

Kaka ta kusa, za a buɗe filayen dambe. Ka tafi da littafi da fensir, ka bar wayar a aljihu. Ka zana yadda ake naɗe hannu, yadda ɗan dambe ke tura ɗaya hannun gaba yana auna abokin karawa, inda nauyin jikinsa yake a ƙafa, yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata, da fuskar mutane lokacin da aka yi kisa. Daga nan ka ɗauki takarda ɗaya ka raba ta gida huɗu, ka zana ranar da uban ya kama yaron yana naɗe hannu a bayan rumfar nama. Maganar da za ka sa a bakinsu ta zama irin wadda mahauta ke yi da gaske. In ka gama, ka rufe rubutun ka miƙa wa ƙaramin yaro. In ya faɗa maka abin da ya faru daga hoton kaɗai, ka wuce shafi na biyu. In ya kasa, ka sake zanawa. Ka turo mini na farkon, 'yan aji biyar ɗina zan fara nuna wa.